Filin Tambaya da Amsa: Shuka Kaktus Daga Iri a Gida

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka taru wannan karon kusan duk akan abu ɗaya ne, ƙananun kaktus ɗin nan masu ƙaya da suka shigo yayi, ana jera su a baranda da kan teburin ofis. Na zaɓo waɗanda amsarsu zata amfani mutane dayawa, wanda bai ga tashi ba yayi haƙuri.

Tambaya: Malam barka da aiki. Dan Allah inada matsala, na sayi irin kaktus a intanet ƙwaya kusan hamsin, na zuba yashi a tukunyar fulawa na binne su yanda nake shuka tumatir, na ajiye a tsakar gida inda rana take bugawa sosai tunda ance abun hamada ne, ruwa kuma sai bayan sati nake ɗan yayyafawa. Guda shida ne kawai suka fito, suma kafin sati biyu sun ƙone. Irin ne ba kyau ko nice ban iya ba? Daga wata mai karatu a Fadaman Mada, Bauchi.

Amsa: Hajiya barka kadai. Tunda har shida suka fito a wannan wahalar da kika basu to irin ki mai kyau ne, matsalar ita ce kin kula da jariri irin kulawar da ake ma babba. Babban kaktus shine yake jure rana da ƙishi, saboda ya tara ruwa a jikinshi, fatarshi tayi kauri, kuma da rana yana rufe ƙofofin numfashinshi sai dare yake buɗewa dan kar ruwa ya gudu. Shi kuwa tsiron da ya fito yau bashi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, ɗan ƙullutu ne kore cike da ruwa, wuni ɗaya na ranar Bauchi ya ishe shi. Ko a can ƙasarsu ta asali, hamadar Sonora dake tsakanin Meziko da jihar Arizona ta Amurka, ƙatoton kaktus ɗin nan saguaro mai hannuwa sama da kike gani a hotuna, ba a fili yake tsirowa ya rayu ba, a ƙarƙashin inuwar wata bishiya yake fakewa shekara da shekaru kafin ya iya fuskantar rana da kanshi. Dan haka abu uku tsiron yake nema a watannin farko, danshi wanda baya yankewa, haske mara zafi, da tsafta. Tsaftar nan ita mutane suka fi rainawa kuma ita tafi kashewa.

Ga yanda zakiyi. Ki nemi robar tekawe ɗin nan fara mai murfi wadda ake ganin abun da ke ciki, ki wanke ta da ruwan da aka ɗiga ma Hypo ko Jik ki ɗauraye, ki ɗora ƙusa a wuta ki huda gindinta wuri biyar ko shida. Ƙasar kuma kada ki ɗebo ta lambu ko ta bayan gida, balle baƙar lakar nan da take tsagewa da rani, kuma babu taki, babu kashin kaji, babu toka. Yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa zaki samu, irin wanda masu tifa suke kawowa dan kankare ba mai laushin filasta ba, ki wanke shi har ruwan ya daina yin jajawur, ki haɗa da dakakken tsingaron tukunya ko jan bulo da ɗan gawayi da aka farfasa, sai ki rairaye ki zubar da garin ki riƙe mai girman ƙwayar gero zuwa dawa. Akan wannan ki ƙara ruɓaɓɓen ganye wanda ya riga ya zama ƙasa, kashi ɗaya cikin huɗu ya isa, shima a tankaɗe. Daga nan sai turarawa. In kinada tsohon madambaci da kika daina dambu dashi, ki ɗan jiƙa haɗin ki zuba a tsumma mai tsafta ki turara minti 30 bayan tiriri ya fara tashi, ki sauke ya huce a rufe. Nasan wani zai ce wannan ai ɓata gas ne akan yashi, to amma a cikin rufaffiyar roba mai ɗumi da danshi duk ƙwayar fumfuna da ta shiga da rai sai tafi kaktus ɗin saurin girma sau nawa, da safe kiga tsiron a tsaye, da yamma gindinshi yayi ruwa ya kwanta.

Ki zuba haɗin a robar zurfin kamar yatsu uku, ki daddanna ya kwanta, ki tsoma gindin robar a faranti mai tafasasshen ruwa da ya huce har saman yashin ya jiƙe da kanshi, ki ɗaga ya tsane. Sai shuka, kuma anan kika yi kuskure na biyu, ba'a binne irin kaktus. Yawancinsu sai sunga haske suke tsirowa, ɗorawa ake a sama kawai. Ki jiƙa bakin tsinken sakace ki dinga ɗaukar ƙwaya ɗaya-ɗaya kina ajiyewa da ɗan tazara, ki danna kaɗan ta manne da yashin, shikenan. In kina so kafin nan ki jiƙa irin minti 10 a ruwan haidirojin na wanke ciwo mai kashi 3 cikin ɗari da ake saidawa a kemis, yana rage ƙwayar cutar dake jikin ɓawon. Ki rufe murfin, ki saka robar gaba ɗaya a farar leda ki ɗaure saboda hujin gindi, ki rubuta kwanan wata a jiki.

Wurin ajiya, kusa da taga mai haske ko baranda inda hasken rana yake cika wurin amma ita ranar bata taɓa robar. Wannan ki riƙe shi da kyau, rufaffiyar roba in rana ta bugeta kai tsaye ko na awa ɗaya ne dafa su zatayi. In ɗakin ki duhu ne, farin kwan sola a rataye sama da robar kamar taƙi ɗaya da rabi na awa 12 yana aiki, kuma yafi dogaro da wutar tamu da kowa yasan halinta. Zaki ga gumi ya taru a jikin murfin, daidai kenan, ruwan ne yake tashi yana komawa, kar ki buɗe dan ki gaisa dasu kullum. Irin nau'in kaktus da ake kira Astrophytum kan fito cikin sati ɗaya, na nau'in Mammillaria da Gymnocalycium sati ɗaya zuwa uku, kuma ba tare suke fitowa ba, wasu sai kin cire rai. Su zauna a rufe wata uku ko fiye, har sai kinga ƙananun ƙayoyi farare sun fito musu a ka.

In kika hango farin abu mai zare-zare ko wani tsiro ya narke, to nan dole ki buɗe, ki kwashe shi da yashin gefenshi da cokali mai tsafta ki zubar, ki bar murfin a ɗan buɗe wuni ɗaya. Koren gansakuka a saman yashi kuwa alama ce ruwa yayi yawa, bata kisa nan take, ki barbaɗa busasshen yashi turarre a kai ki ɗan rage danshin.

Tambaya: Malam wane lokaci yafi dacewa a shuka anan wajen mu? Ni na gwada a watan Afrilu ko ɗaya bai fito ba. Daga wani ɗalibi a Yelwa, Bauchi.

Amsa: Ɗana ka zaɓi wata mafi muni a shekara. Yawancin irin kaktus yafi son zafi tsakanin digiri 20 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas, in ya wuce 35 da yawansu lafewa suke su ƙi tsirowa, mu kuwa a Maris da Afrilu zafin Bauchi da Gombe har 40 yake taɓawa, ɗakin kwano mara silin kuma ba sai na faɗa maka ba. Ni a ganina ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba yafi, ruwa ya ɗauke, zafi ya fara sauka, sanyin hunturu bai kankama ba. Sai su fito kafin Disamba, su cinye hunturu a rufe, ƙura bata taɓa su busasshiyar iska bata taɓa su, da dare dai ka shigo dasu ɗaki ka kawar dasu daga bakin taga. A Fabrairu ka fara buɗewa a hankali, yau ka kwance ledar, bayan kwana uku ka ɗan zame murfin, ahaka har sati biyu ko uku kafin ka cire gaba ɗaya, ka maye gurbin shi da ƙyallen tsohon gidan sauro. Kafin bazara ta shigo ya zama suna shan iska, a wuri mafi sanyi a gidan, kana basu ruwa ta ƙasa duk sanda saman yashin ya bushe. Lokaci na biyu shine Yuni bayan ruwa ya zauna gari yayi sanyi, yana yi, sai dai fumfuna tafi ƙarfi a lokacin dan haka turarawar ba wasa. Kuma kar ka zubar da robar Afrilun nan in tana nan, ka barta ta bushe ƙayau ka ajiye, in lokaci yayi ka sake jiƙawa, sau da yawa irin da zafi ya hana yana nan da ranshi.

Tambaya: Ranka ya daɗe, a garin mu ana shinge da ƙerana tun kakanni, ga tinya ma a kan duwatsu. Zan iya ɗebo 'ya'yansu in shuka in dinga saidawa a matsayin kaktus? Daga wani mai karatu a Dass.

Amsa: Malam zaka iya shukawa amma ba kaktus bane, kuma banbancin ya wuce na suna, maganar ido ce. Ƙerana da tinya da aguwa duk dangin Euphorbia ne, 'yan asalin nan Afirka. Kaktus na gaskiya, da suka haura nau'i 1,500, duk daga nahiyar Amurka suka fito, in ka cire guda ɗaya mai suna Rhipsalis baccifera da bayan Amurka ake samun shi har a dazukan Afirka da Madagaska da Siri Lanka, shima a jikin bishiya yake reto bai ma yi kama da waɗanda muka sani ba. Zaman fari ne yasa suka ɗauki siffa ɗaya. In kana so ka gane, duba gindin ƙayar, ta kaktus daga wani ɗan tudu mai gashi-gashi take fitowa a tare, ta ƙerana kuwa bibbiyu take fitowa daga jikin kai tsaye ba gashi. Sai kuma nono, ka ɗan soka ƙerana ko tinya zaka ga farin nono ya tsatso, kusan duk kaktus ruwansu garai yake. Nonon nan guba ne, ku mutanen Dass kun fini sani, yana ƙona fata, in ya shiga ido kuwa yana iya jawo makanta. Wanda tsautsayi ya faɗa mishi ya wanke idon da ruwa mai tsafta mai yawa, ya ɗau kamar minti 20 yana zubawa, sannan a wuce asibiti, kar a tsaya ɗiga wani abu a gida. To kaga in ka saka wannan a 'yar tukunya mai kyau ka saida ma matar da take da yara masu rarrafe kace mata kaktus ne, akwai haƙƙi. Ka saida da sunanshi ka faɗi haɗarin, akwai masu so.

Game da irin, ƙwanson su in ya bushe fashewa yake ya watsar da 'ya'yan nesa, sai ka ɗaura mishi ɗan ƙyalle tun kafin ya nuna. Amma gaskiya ba wanda yake wannan wahalar akan ƙerana, reshe ake sara a barshi a inuwa bakin ya bushe sannan a kafa, yanda ake shingen tun da. In kana neman abun gida da zaka tayar daga iri kuma ya samu kasuwa, ka gwada kariya, irinta sabo cikin sati yake fitowa kuma wadda aka tayar daga iri ita take yin ƙaton gindin nan da masu fulawa suke so. Itama ruwanta guba ne, a kula.

Tambaya: Malam naga talla a Facebook na irin kaktus kala-kala, shuɗi da ja da ruwan hoda, wai duk a fakiti ɗaya. Kuma inada wani mai jan kai da aka bani kyauta, inaso in samu irin shi. In saya? Daga wata amarya a Tumfure, Gombe.

Amsa: Amarya Allah ya bada zaman lafiya, kuɗin ki kuma ki riƙe abun ki. Hotunan nan masu shuɗi shar da ruwan hoda kwamfuta ce ta rina su, wasu kuma fenti ake fesa ma kaktus ɗin na gaske, har busasshiyar fulawa ake manna musu da gam a kai, in kika duba da kyau zaki ga gam ɗin. Abun da zai zo miki a fakitin Allah kaɗai ya sani, wani lokacin ma irin ciyawa ne. Mai jan kan da aka baki shi gaskiya ne, amma ɗan aure ne, yanda ake ma mangwaro. Na saman Gymnocalycium mihanovichii ne, asalin shi daga yankin Faragwai, wannan jan kuma a Japan aka fara fitar dashi, yanzu Koriya ta Kudu ce kan gaba wajen saida shi ma duniya. Bashi da koren sinadarin da tsiro yake haɗa abinci dashi, shi yasa aka yanka aka ɗora shi akan wancan koren mai kusurwa uku yana ciyar dashi. Ko kin samu irin shi, duk tsiron da ya fito ja zalla ba kore zai mutu da zarar abincin cikin ƙwayar ya ƙare, sai in an mishi aure tun yana ƙarami. Kuma ki sani auren nasu baya daɗewa, 'yan shekaru ne, in ya mutu kar kice hannun ki ne.

In zaki sayi iri, ki nemi mai rubuta cikakken sunan nau'in da shekarar da aka girbe shi, dan tsohon iri ƙarfin shi raguwa yake. Daga waje kuma ba'a shigo da iri haka kawai, hukumar NAQS mai kula da shigo da tsirrai tana neman izini da takardar lafiyar iri, sannan dangin kaktus suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta kare halittun da ake tsoron ƙarewarsu. Mafi sauƙi ki tambayi masu saida fulawa na bakin titi ko wani mai Mammillaria a gida, tana fidda 'ya'ya jajaye dogaye ƙanana bayan fure, ki matse ɗaya a takarda zaki ga irin baƙi ko ruwan ƙasa, sabo fil kuma kyauta. Tunda a Gombe kike, Kwalejin Noman Lambu ta Tarayya tana nan Dadin Kowa, wurin tambaya ne akan harkar reno da auren tsirrai.

Tambaya: Wai da gaske ɗan itacen nan da ake kira diragon furut kaktus ne? Na saya a shago da tsada, naga baƙaƙen 'ya'ya a ciki, in na shuka zai yi? Daga wani ma'aikaci a Azare.

Amsa: Da gaske ne yallaɓai, shine ma koren nan mai kusurwa uku da nace ana ɗora mai jan kai akai. Kuma duk mai son koyon wannan harka da shi nake cewa ya fara, irin sabo ne, ba ka biya kuɗin shi daban ba, kuma baya da zuciya. Ka ɗebi cokali ɗaya na naman ka zuba a rariyar shayi ka murje a ƙarƙashin ruwa har santsin ya fita tas, saboda zaƙin da ya rage shine abincin fumfuna da kiran tururuwa, ka baza a takarda ya kwana a inuwa, sai kabi hanyar da na faɗa ma Hajiya a sama. Cikin sati ɗaya zuwa biyu zaka ga ganye biyu sun buɗe, daga tsakiyarsu ɗan jiki mai gashi ya fito. Shi ba ɗan hamada bane, asalin shi kudancin Meziko da Amurka ta Tsakiya, hawa yake yana kama bishiya, dan haka yafi sauran son ruwa da taki, zai buƙaci turke mai ƙarfi, kuma a zafin Azare na bazara sai da inuwa in ba haka ba jikin yayi rawaya ya ƙone. Amma in 'ya'ya kake so ka ci ko ka saida, iri ba hanya bace, yana iya kai shekara biyar ko fiye kafin yayi fure, kuma ba lallai ya gado zaƙin uwar ba. Reshe zaka nema, shi cikin shekara ɗaya zuwa uku yake fara bayarwa. Furen shi da dare yake buɗewa, dare ɗaya tak, wasu nau'in ma sai an ɗebo garin fure daga wani daban an shafa musu kafin su ɗaura ɗa.

Tambaya: Malam nawa sun fito lafiya wata biyar kenan, amma sun koma ja-ja kuma wlh basa girma, har yanzu basu kai ƙwayar wake ba. Taki zan saka? Daga wata malamar makaranta a Jahun, Bauchi.

Amsa: Malama jan nan ba yunwa bace, haske ne yayi musu yawa ko kuma kin barsu sun bushe, in suka yi ja tsayawa suke cak. Ki matsar dasu baya ko ki saka farin labule tsakaninsu da taga, ki tabbata yashin baya bushewa har ƙasa, cikin 'yan makonni zasu dawo kore. In kuma kika ga sunyi fari-fari sun miƙe sirara to duhu ne yayi yawa, ki ƙara haske kaɗan-kaɗan. Batun girma kuwa, a wata biyar ko basu kai girman wake ba ai ba abun damuwa bane. Saguaro ɗin da na ambata a shekara 8 na farko tsawon shi baya wuce santimita 4. Mammillaria ce mai ɗan sauri, wasu shekara biyu zuwa uku suna fure. Taki in zaki saka sai na ruwa, kashi ɗaya cikin huɗu na abun da aka rubuta a jikin robar takin, sau ɗaya a wata, yuriya kuwa kar ta matso kusa, kumbura su take su yi laushi su ruɓe. Kar kiyi saurin raba su, sunfi son cunkoso suna ƙanana, ki bari su shekara ko su fara gogar juna, ki tono da cokali, ki dasa a busasshen haɗi ki jira kwana huɗu ko biyar kafin ruwa dan saiwar da ta karye ta warke.

Tambaya: Wani farin abu kamar auduga ya fito a tsakanin ƙayoyin nawa, kuma tururuwa ta dame shi. Daga wani mai karatu a Pantami, Gombe.

Amsa: Ƙwaro ne a cikin audugar, tsotse ruwan jikin yake, tururuwar kuma zaƙin da yake fitarwa take bi har ɗaukar shi take ta kai wata tukunyar. Ka ware wannan tukunyar daga sauran, ka tsoma audugar goge kunne a sifirit na kemis ka bi su ɗaya-ɗaya ka goge da yamma ba cikin rana ba, ka maimaita duk sati har sau uku ko huɗu saboda ƙwan da zai ƙyanƙyashe. In bai daina ba ka zazzage ƙasar ka duba saiwar, suna ɓuya a can ma, ka wanke ta ka barta ta bushe ka sake sabuwar ƙasa. Kuma in damina ta taho, ka ɗauke su daga inda indararo yake zuba ka maida su ƙarƙashin rumfa kafin ruwan Agusta.